Na Gudu Daga Ƙauye, Na Sauka A Ƙauye

Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauka, abokaina ba murnar karatun suka taya ni ba. Abin da kowa ke faɗi shi ne, "Shi ke nan, ka huta da fartanya." In gaya muku gaskiya, ƙannena, ni ma abin da ke raina ke nan. Ƙauyenmu yana tsakanin Funtuwa da Bakori, kuma tun ina aji huɗu na firamare ban san daminar da ta wuce ban yi noman fari da maimai ba. Na tsinci auduga har yatsuna suka tsattsage, na ɓare masara har barci ya sace ni a kan buhu. Saboda haka da na zo cike takardar JAMB, ko kallon fannin noma ban yi ba. Lissafi na zaɓa, don a ganina babu karatun da ya kai shi nisa da gona.

Sau biyu kacal na taɓa zuwa Zariya kafin nan, kuma abin da na riƙe shi ne gadar Kwangila da shagunan PZ da fitilu. Haka na ɗauka garin yake ko'ina.

Sai da mahaifinmu ya sayar da masara sannan kuɗin makaranta suka haɗu, kafin nan kuwa na makara, ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika. Wani ƙanen mahaifiyarmu da ke jan mota tsakanin Funtuwa da Zariya ya ce kada in damu, ya san wani dattijo mai ɗaki a bayan Samaru, ta wajen hanyar Bomo. Bayan isha'i muka isa, babu wuta, ban ga komai ba sai hasken fitilar wayarsa. Na shimfiɗa katifa na kwanta ina cewa a raina, yau dai na kwana a birni.

Zakara ne ya tashe ni. Ba ɗaya ba, wajen biyar, suna karɓa wa juna. Daga nan sai na ji luguden taɓarya. Na buɗe taga, me zan gani? Karan dawa a tsaye, rumbu guda, bishiyoyin mangwaro huɗu manya-manya, da wata akuya tana tauna igiyar shanya. Na koma na zauna a bakin katifa kamar wanda aka yi wa sata.

Kwana uku bayan haka ƙanena ya kira ni a waya. Muna cikin magana sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, wai ka dawo gida ne ba ka faɗa ba? Zakaran wa nake ji?" Na ce masa a rediyo ne. Ƙarya ce ta farko, ba kuma ita ce ta ƙarshe ba. Duk zangon karatu na farko, hotunan da nake ɗorawa a WhatsApp a gaban dogon benen hukumar jami'a nake ɗaukarsu, ko a ƙofar ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Ko sau ɗaya ban ɗauki hoton inda nake kwana ba.

Unguwar tamu jemage ce, ba ta cikin tsuntsaye, ba ta cikin dabbobi. Gidan farfesa mai katanga da fulawowi yana jingine da gidan manomi mai turken shanu. Da safe za ka ga malamin jami'a ya tsayar da motarsa yana jiran garke ya gama tsallake hanya, shi ba ya yin oda, makiyayin kuma ba ya sauri. Mai fura tana zaune a gindin darbejiya, kusa da ita yaro ne da na'urar POS. Sama kuwa ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ne ke ta kewaye, har yaran unguwar sun daina ɗaga kai. Ni kaɗai nake tsayawa ina kallo, wai ni da na zo ina ƙyamar ƙauyanci.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Inda duk ganye ya yi yawa, sauro ya samu gida. A watan Agusta hanyarmu takan zama taɓo, sai ka riƙe takalminka a hannu har ka kai bakin kwalta sannan ka nemi ruwa ka wanke ƙafa. Ruwan rijiya muke sha. Na taɓa tarar da maciji a bayan randa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin acaɓa ya fi ƙarfin ɗalibi irina, don haka a ƙasa nake zuwa lakca, tafiyar kusan minti arba'in, in ta ƙarfe bakwai ce kuwa sai in fita gari bai gama wayewa ba.

Amma abin da ya fi damuna da farko ba sauro ba ne, idon mutane ne. Na baro garin da kowa ya san lokacin fitata da na dawowata, sai ga ni a wani irinsa. Wata safiya na fito da iyafis a kunne, na wuce dattawa uku a kan dakalin masallaci ban ce musu uffan ba. Ban kai ga dawowa ba labari ya riga ni isa gida. Mai gidanmu, wanda kowa ke kira Baba, ya kira ni bayan la'asar. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗan Funtuwa, a garinku haka ake yi?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To nan ma ba a yi. Kwangila ce ake wucewa ba sallama." Na fita ina jin haushi, ina cewa in Allah Ya kai mu baɗi sai na koma cikin makaranta inda ba ruwan kowa da kowa.

Ba a yi wata biyu ba zazzaɓi ya kayar da ni. Asuba biyu ba a gan ni a sahu ba, sai ɗaya daga cikin dattawan nan da na wuce ya tambayi Baba ko lafiya. Suka tura ƙofa suka same ni ina rawar ɗari, ko tashi ba na iyawa. Babban ɗan Baba ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti. Iya, matar Baba, ta yi kwana biyar tana aiko mini da kunun tsamiya da safe, tuwo da miyar kuka da dare, ta kuma karɓi lambar mahaifiyarmu ta kira ta da kanta, tana cewa, "Ki kwantar da hankalinki, ɗanki yana hannuna." Idon nan da nake ƙorafi a kai, shi ne ya lura ba na nan. Har yau ina jin nauyinsa wani lokaci, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai da shekara ta zagayo ban nemi ɗaki a cikin makaranta ba.

Lokacin da nake murmurewa ne na fara zama da Baba a gindin mangwaro. A nan na ji cewa ƙuruciyarsa duk a gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya yi ta, yana cikin ma'aikatan da ke shuka da awo da girbi. Ya tambaye ni wane irin masara mahaifinmu ke shukawa. Na ce ban sani ba, na dai san akwai rubutun SAMMAZ a jikin ledar. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To wannan SAM ɗin da ka gani, ina kake tsammani? Nan ne. Samaru." Ashe SAMCOT na auduga, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, duk sunan wannan wuri suke ɗauke da shi. Ya ba ni labarin yadda ake shekara da shekaru ana gwada iri kafin a samu wanda wuta-wuta ba ta kashewa, ko wanda ke nuna da wuri in damina ta yi gardama. Na yi shiru ina tuna yadda nake yaga ledojin nan a gona ina tsaki, ban taɓa karanta abin da ke jiki ba.

Daga baya na bincika na ga an kafa tashar binciken tun 1922, shekara arba'in cif kafin a buɗe jami'ar a 1962. Wato gona ce ta riga makaranta zuwa wurin. A ƙarshen shekarun 1920 kuma aka ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, kuma jirgin nan da cinikin auduga su ne suka ɗaga Funtuwa ta zama garin da muka sani. Garin da na baro da wanda na zo, igiya ɗaya ce ta ɗaure su tun kafin a haifi kakana. Wannan ne kuma ya fahimtar da ni dalilin da ya sa wajen ke da duhuwa. Filayen gwaji da na jami'a suna da faɗi, ba a yanka su an sayar ba, an kuma daddasa itatuwa tun da daɗewa. Ƙauyukan da ke kewaye kuwa suna nan tun asali da gonakinsu da ɗorawarsu. Ba ƙauye aka gina a cikin birni ba, birni ne ya miƙe ƙafa ya iske ƙauye a zaune.

Sai bazara ta zo na san darajar abin da nake jin kunyarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Kwangila da azahar a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Kwalta da kwano da siminti suna shan rana su riƙe, har dare suna amayo zafi. Itace kuwa ba inuwa kaɗai yake bayarwa ba, yana jawo ruwa daga ƙasa ya fitar ta ganye, iskar da ke kewaye da shi ta yi sanyi, kamar dai yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. Abokan karatuna da ke haya a bakin titi ba sa iya barci in an ɗauke wuta. Ni kuwa sai in ja tabarma zuwa gindin mangwaro. Waɗanda suka fi kowa yi mini ba'a da "ɗan ƙauyen Bomo" su ne suka fara zuwa wurina karatun jarrabawa, su tafi da mangwaro cike da jaka. A lokacin ne na fara ɗaukar hoton gidan.

A shekarata ta biyu, ciwon suga ya tsananta wa Iya, ga kuɗin magani kowane wata, ga jikoki a makaranta. Wani dare babban ɗan Baba ya shigo ɗakina da takarda a hannu. Ya ce, "Ƙanena, kai ne mai karatun lissafi. Taimaka ka yi mana wannan, Baba zai fi yarda in daga hannunka ya fito." Shawararsa ita ce a sare mangwaro biyu da ke bayan gida a gina ɗakuna shida na haya, masu banɗaki a ciki, irin waɗanda ɗalibai ke rububi.

Na zauna na yi aikin tsakani da Allah. A gefe guda na rubuta abin da 'yan sari ke biya in sun sayi 'ya'yan bishiya tun suna ɗanye a sama, na kuma lura da cewa mangwaro yakan yi 'ya'ya sosai bana, baɗi ya ja baya. A ɗaya gefen na sa kuɗin bulo da siminti da kwano da leburori, da hayar ɗaki shida a shekara, har na cire watannin da ɗaki kan zauna ba kowa. Na juya lissafin ta kowace fuska, ina fatan ya fito yadda raina ke so. Bai fito ba. Hayar ɗaki ɗaya tak ta fi abin da bishiyoyin biyu ke kawowa. Cikin 'yan shekaru ginin zai mayar da kuɗinsa.

Na kai wa Baba takardar da safe. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ko da yake na san ɗansa ya riga ya gaya masa abin da ke ciki. Can ya ce, "Ɗan Funtuwa, lissafinka ya yi kyau. To a wane layi ka sa inuwar?" Na ce, "Baba, ban san kuɗinta ba." Ya ce, "Ni ma haka." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Shi ya dasa bishiyoyin nan da hannunsa shekarar da aka haifi ɗan nasa.

Ranar da masu injin yankan katako suka zo, Baba ya tafi ta'aziyya wani ƙauye tun da sassafe, ta'aziyyar da ni dai ban ji labarin rasuwarta ba. Bishiyar da ta yi fiye da shekara talatin tana tsaye, kafin azahar ta zama guntaye. Mata suka kwashi rassa, yara suka yi ta murna suna hawa kan gungumen. Da yamma na shiga ɗakina na tarar rana ta shigo ta taga har kan katifa, abin da ban taɓa gani ba.

Ban ga laifin ɗan Baba ba, har yanzu kuma ban gani ba. Na lura masu yawan kukan an sare itace galibi ba su ne ke riƙe da takardar magani ba. Kuma in ana neman mai laifi, ai ni ne. Don wa ake gina ɗakunan? Don irina, 'yan Funtuwa da Malumfashi da Kafur da Danja da muke tuɗaɗowa kowace shekara muna neman wurin kwana, muna kuma so wurin ya kasance mai inuwa da sanyi. Kowannenmu yana son unguwar yadda ya same ta, zuwansa kuma shi ke rage ta. Wani abokina Bakano ya ce mini in ina son ganin ƙarshen abin, in je garinsu in karanta sunayen unguwanni. Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Rimin Gata. Ya ce, "Je ka Ɗorayi ka ƙirgo mini ɗorawa nawa ta rage." Sunan kan zauna, itacen ya tafi.

Ina tsammanin darasin ya tsaya a gidan mutane, sai ga shi ya biyo ni gida. Funtuwa ma tana miƙe ƙafa. Mutanen da rashin tsaro ya taso daga yankunan Faskari da Sabuwa da Dandume da yawansu nan suka nufo, kuma duk wanda ya zo yana bukatar inda zai sa kansa. Gonakin da nake wucewa ina yaro a kan hanyar shiga gari, yanzu duwatsun filoti ne a jere. Kwanakin baya mahaifinmu ya kira ni, abin da ba ya yawan yi, don yawanci ni nake kira. Bayan gaisuwa ya ce dillalai sun zo sau uku a kan gonarmu ta bakin hanya. Kuɗin da suka ambata bai taɓa riƙe irinsu ba. Ga taki ya yi tsada, ga ƙanwata za ta rubuta jarrabawar fita sakandare tana son karatun jinya, ga ni da sauran shekara biyu. Sannan ya ce, "Kai ne ɗan boko. Yi mini lissafi."

Gabana ya faɗi, don na riga na san amsar da takarda za ta bayar.

A tsakiyar gonar nan akwai ɗorawa biyu. Ba mahaifinmu ya shuka su ba, ya tarar da su. Duk bazara mahaifiyarmu ce ke sa a kaɗo su, mu sha garin har bakinmu ya yi rawaya, ta dafa kalwar ta yi daddawar da za ta kai mu wata shekara, ta sayar da ragowar ta saya wa ƙannena takalman sallah, makubar kuma a ajiye don daɓe. Ban san layin da zan sa wannan ba. Amma kuma na san kuɗin makarantar da nake zaune a cikinta daga wani wuri za su fito, kuma ba ni da bakin da zan ce wa ƙanwata ta haƙura saboda ina son inuwa.

Da na gaya wa Baba, bai ba ni shawara ba. Tashi ya yi ya ɗauko reza da leda, ya ce in biyo shi. A bayan rumbu ashe yana da ƙananan mangwaro da ya shuka a ledoji. Ya nuna mini yadda ake aurar da su: ka yanko ɗan reshe daga bishiya mai daɗin 'ya'ya, ka fere gindinsa ta gefe biyu, ka tsaga kan ƙaramin, ka zura, ka tabbata ɓawo ya haɗu da ɓawo, sannan ka ɗaure tam kada ruwa ya shiga. Ya ce ɗan aure ba ya daɗewa kamar na ƙwallo kafin ya fara 'ya'ya. Rassan daga bishiyoyi biyun da suka rage ya yanko su. Na lalata huɗu kafin hannuna ya faɗa. Ni da na zaɓi Lissafi don in guje wa ƙasa, ga ni durƙushe har magariba, farce duk laka.

Biyu suka kama. Da aka yi hutu na ɗauko su zuwa gida, na rungume su a cinya tun daga Samaru, muka wuce Shika da Giwa mutanen motar suna ta yi mini dariya, wata tsohuwa tana cewa ɗalibai na dawowa da takarda, wannan ya dawo da itace. Na dasa su a bayan ɗakin mahaifiyarmu. Kwana biyu akuyar maƙwabta ta cinye ɗaya. Ɗayan na kewaye shi da ƙaya, na kuma ɗora wa ƙanena mai tambayar zakara aikin ba shi ruwa.

Mahaifinmu bai tambaye ni lissafin ba sai daren da zan dawo. Na ce ban gama ba. Ya dube ni, na san ya gane, ya ce ba komai, dillalan ma ya ce musu su bari sai an cire amfanin gona. Mahaifiyarmu tana daga bakin murhu ta ce, ba tare da ta juyo ba, in dai sayarwar ce ta zama dole, a yanka ta yadda ɗorawar za ta faɗo a namu ɓangaren. Mahaifinmu ya ce ɗorawar a tsakiya take. Ta ce to a san yadda za a yi.

Masara ta fara bushewa yanzu. Takardar tana cikin littafina na lakca, na ja layi na rubuta kuɗin dillalai a gefe guda, ɗaya gefen na rubuta masara da daddawa na tsaya.

Ɗakunan Baba shida kuwa an gama su, an shafa musu shuɗin fenti, duk sun cika tun kafin a dawo hutu. Iya tana samun maganinta a kan kari. Ɗaki na ƙarshe, wanda ke daidai inda babbar bishiyar take, wani yaro ɗan Malumfashi ne a ciki, sabon shiga, ni na kawo shi da kaina don ya makara kamar yadda na makara. Shekaranjiya da rana ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, gumi na zuba, wai ko ina da fankar da zan ara masa.